Ranar da Na Tauna Abincin Kare a Panyu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da haƙorana suka tona mini asiri a Guangzhou ba. Ni dai na sha jin kunya a yawon duniya, ba na musu. An taɓa fitar da ni daga taragon mata a jirgin ƙasa na Alƙahira, na shiga ina gyangyaɗi ban lura ba. Na taɓa tsayawa a Abidjan ina zuba wa wani mutum Faransanci har da karya harshe, ya bari sai da na gama sannan ya ce mini shi ɗan Gwammaja ne a Kano. Amma duk waɗannan a gaban baƙin ido aka yi su, na kakkaɓe rigata na yi gaba. Wannan kuwa a gaban mutanen da ke ce mini Baba aka yi ta, suna zaune, ina tsaye, da makirufo a hannuna.

Bari in faro daga gida. Da jimawa na gaji da hayaniyar unguwar Xiaobei na koma Panyu, can kudancin birni, inda haya ke da sauƙi, kuma mutum kan ji kukan tsuntsu da safe. Ofishina yana nan a Xiaobei, a dogon benen Tianxiu, inda nake haɗa wa mutanenmu kaya in tura musu ta filin jirgin saman Baiyun. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ne ke kai ni ya dawo da ni, ina lazimi a ciki ina kallon kawunan mutane sun sunkuya kan waya kamar masu tsintar wake. Ƙofata tana kallon ƙofar wani dattijo da ake kira Lao Chen, wato kamar mu ce Tsoho Chen. Ya yi ritaya daga wata masana'antar ɗinki, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo tana aiki a wani gari. Shi ba ya jin komai sai yarensu, ni kuma Sinancina na kasuwa ne, na "nawa" da "rage mini". Amma mun iya zama a benci ɗaya mu sha shayi mu yi shiru tare, kuma a shekaruna na gane ba kowa ake iya yin haka da shi ba. Haji yake kirana.

Bayan rasuwar matarsa sai da ya daina fitowa. 'Yar ce ta kawo masa ɗan kwikwiyo mai launin ƙasa-ƙasa da dogayen ƙafafu, suka sa masa suna Afu. Karen nan shi ya fito da tsohon daga ɗaki, da igiya ma kuwa: yana gaba yana ja, tsoho na baya yana haki yana dariya. Kafin ya cika shekara ya zama wata halitta da ba ta san zama ba. Ko barci yake, ƙafafunsa gudu suke.

Ni da kare kuwa, sai dai daga nesa. Na ga karnuka iri-iri. Na ga na mafarautan ƙauyenmu, da ƙanzo da ƙashi suka girma, babu wanda ya taɓa tambayarsu ko sun ƙoshi. Na ga siraran karnukan Buzaye a Agadas suna bin raƙuma kamar inuwa. Na ga kare da rigar sanyi a Faris. A nan Guangzhou kuma na ga kare a keken jarirai, da takalmi a ƙafafu huɗu, uwar ɗakinsa tana yi masa fifita. (Wannan labarin na keken jarirai na sha ba yaranmu na Tianxiu, ina kwaikwayon fifitar, suna faɗuwa don dariya. Ku riƙe shi, zai dawo.)

Wata yamma Lao Chen ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, 'yarsa na bayansa da jaka. Ita ta yi bayani da Turanci: za a yi masa aikin zuciya, zai jima a asibiti, ita za ta zauna da shi. An shirya komai, saura wanda zai kula da Afu. Tsohon ya matso kusa da ni. Ya kamo hannuna da hannayensa biyu, ya sa mini makulli a tafi, ya naɗe yatsuna a kai.

Na nemi kalmar "a'a" a Hausa, na neme ta a Larabci, a Faransanci, a Turanci, har a ɗan yaren Ashanti da na tsinta a Kumasi. Duk sun tafi yawo. Abin da ya fito daga bakina shi ne "haw", wato to.

'Yar ta ja ni gefe a bakin lifta. "Don Allah, kawu, in wani abu ya sami karen kada ka gaya masa. Likita ya ce ba a so ransa ya tashi. Hoto kawai yake so kullum."

Na kafa wa kaina dokoki. Kare yana gidansu, ni ina gidana. Na ware wata tsohuwar jallabiya don fita da shi, ba na sallah da ita. Kuma babu wanda zai ji: ba uwargidana Hajiya a Kano ba, ba yaran ofis ba, balle aminina Alhaji Tanko, mutumin zangon Kumasi, wanda in ya ji magana da hantsi, kafin azahar ta isa Accra.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne zan ji daɗin abin. Bayan sallar asuba nakan buɗe ƙofa ya fito kamar harsashi, mu gangara bakin wani rafi da ya ratsa unguwar. Akwai manyan itatuwa a wurin masu saiwoyi da ke saukowa daga rassa kamar gemun dattawa. Wani farin tururi yana kwance a kan ruwa, tsofaffin mata suna motsa hannuwa a hankali kamar suna iyo a cikin iska, wani lokaci ƙaramin kwale-kwale ya fito daga cikin tururin babu ƙara, ya sake shigewa. Afu yana ja, ni ina bi, hankalina ya tafi. Sai in ga kamar a bakin kogin Isa nake a Yamai, ko a Jidda kafin rana ta fito, ko kuma ni yaro ne ina bin jakin babana zuwa kasuwar Dambatta, raɓa tana jiƙa mini ƙafa. Mutanen da suka daɗe da rasuwa sukan zo su jera da ni na ɗan taƙi, mu yi tafiya ba magana. Sai igiya ta fizge ni in dawo China.

To, akwai wani lokaci a garin nan, bayan sanyi kafin zafi, da iska ke jiƙewa. Bango yana gumi, madubi yana hawaye, tayil yana santsi, rigar da ka shanya ta fi jiƙewa fiye da lokacin da ka matse ta. Lao Chen ya juye abincin Afu, irin busasshen nan mai kama da ƙananan ƙuli-ƙuli, a cikin wata babbar roba mai murfi, ya yar da buhun. Ni kuma, ɗan mai hatsi, wanda ya girma a tsakiyar buhuna, na bar murfin a buɗe a baranda, wai don ya sha iska. Ya kuwa sha. Kafin in farga ya yi laushi, ya fara fitar da wani koren gashi. Na zubar. Babu buhu, babu suna. Na tambayi 'yar a waya ta ce ba ta san irinsa ba, shi yake saye da kansa, shi kuma an hana ni tambayarsa.

Na ce ai kare kare ne. Na tuƙa masa tuwon shinkafa da miyar kuka, har da man shanun da Hajiya ta aiko. Ya cinye tas, ya lashe kwano, na ji wani alfahari ya taso mini a madadin ƙasar Hausa baki ɗaya. Washegari... ba zan ɓata muku rai da bayanin abin da na tarar a falon Lao Chen ba. Na dai gane dalilin da ya sa aka ƙirƙiro safar hannu ta roba. Daga nan na sauka kantin ƙasan bene na ɗauki buhun da ya fi kyan hoto, wani kare mai ƙiba yana kwance kan kujera yana murmushi. Sai daga baya na gane na tsofaffin karnuka ne da ake so su rage teɓa. Afu ya shinshina, ya kalle ni, ya koma bakin ƙofa ya kwanta da hancinsa a kan silifas ɗin maigidansa.

Ya fara ramewa. Gudun bai daina ba, don ba ya iya dainawa, amma ƙasusuwan haƙarƙarinsa suka fara bayyana, gashinsa ya dushe. Kullum da yamma saƙon murya zai shigo daga asibiti, murya can ƙasa-ƙasa: "Haji, Afu?" Ni kuma na zama gwanin ɗaukar hoto. Na ɗauke shi daga gaba, na ɗauke shi daga sama, na ɗauke shi a bayan tukunyar fure, wata rana ma kunne ɗaya kawai na tura. Sai 'yar ta rubuto cewa aikin ya yi kyau, ana sa ran sallamarsa in ya ƙara jin ƙarfi, kuma ba ya maganar komai sai karen. A ranar na tsaya ina kallon haƙarƙarin nan, na tuna yadda aka naɗe mini yatsu a kan makulli. Mutum mai sabon ɗinki a ƙirji zai buɗe ƙofarsa ya tarar da wannan, kuma ni aka ba amanar.

Washegari na ƙi zuwa ofis. Na sa jallabiyar fita, na kafa hulata mai aikin kore da ba na rabuwa da ita, na ja Afu muka nufi wani babban kantin kayan dabbobi da nake hangowa a hanyata ta zuwa tashar jirgi. Na shiga kasuwanni a nahiya uku, amma ban taɓa ganin rumbu irin wannan ba. Buhuna daga ƙasa har rufi: na kwikwiyo daban, na tsoho daban, na mai ƙaiƙayi daban, ina jin har na mai baƙin ciki akwai. A tsakiya wata yarinya tana tsaye gaban tebur, ga wata fitila zagayayyiya kamar faranti, da waya maƙale a tsakiyarta, tana ta surutu ita kaɗai. Na ɗauka da mahaifiyarta take hira, fitilar kuma don a ga kaya da kyau ne.

"Lawban, nihaw!" ta gaishe ni. (Kowa lawban ne a China, wato maigida, ko da allura ka zo saye.)

Na nuna mata Afu, na nuna haƙarƙarinsa. Ta durƙusa ta shafa shi, ta buɗe bakinsa ta duba haƙora, ta tambayi watanninsa da yatsu. Da Sinancina da Turancinta da wayata mai fassara muka harhaɗa bayani. Ta ce ƙaramin kare mai gudu irin wannan ba a ba shi abincin masu kwanciya. A duba bayan buhu, abin da aka fara rubutawa ya zama nama ne ko kifi, ba masara ba. Yana bukatar maiƙo, don ƙona shi yake yi a guje. Ƙwayar kada ta yi ƙanƙanta har ya haɗiye ba tauna. Kuma kada in sauya masa a rana ɗaya, in riƙa gauraya sabo da tsoho kaɗan-kaɗan, ruwa na gefe kullum. Na yi ta gyaɗa kai. Ashe dai kiwo ne, irin na ragon layya, sai dai shi ba a yankawa.

Na gindaya mata sharaɗi ɗaya: alade meyo, babu alade, don ni zan riƙa ɗiba da hannuna. Ta ce ba damuwa. Ta zaɓo iri uku, duk na kifi, ta zuba a 'yan kwanoni ta jera a kan teburin, daidai ƙarƙashin fitilar. Nufinta Afu ya zaɓa. Afu ya shinshina duka ukun, ya juya yana kallon wata kyanwa a keji.

To nan ne fa. Ni abin da ke raina danshi. Ya riga ya cuce ni sau ɗaya, kuma wa ya san tun yaushe buhunan nan ke shan iskar garin? Ina kallon kwanonin sai na ji muryar babana, Allah ya jiƙansa, kamar yana tsaye a kafaɗata. Hatsi ne sana'arsa, kuma bai taɓa sayen buhu da ido ba. Zai zura hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo daga tsakiya, ya jefa ƙwaya a baki. "In ta ce ƙas, ta bushe," haka yake ce mini. "In ta yi shiru, bar musu kayansu." Da haka na girma. Na tauna gero a Dambatta, na tauna shinkafa a Kwatano, na tauna ƙwayar gahawa a Jidda, na tauna koko a Kumasi har ya ɗaure mini baki.

Wallahi ban yanke shawara ba. Hannuna ne ya tafi da kansa.

Ta farko ta yi shiru a ƙarƙashin haƙori, ta lotsa kamar ƙuli-ƙulin da ya kwana a randa. Na girgiza kai na ce "bu haw", ba kyau. Ta biyu ta ɗan yi ƙara, amma gari ne ya fi yawa, na ji masara tana ɓuya a bayan kifin. Na karkata hannu, wato dama-dama. Ta uku kuwa ta ce ƙas! Na lumshe ido. Kantin ya ɓace. Ga ni a rumfar babana ranar kasuwa, rana ta yi sanyi, jakuna suna kaɗa wutsiya, masu kifin Haɗeja sun kwance kwandunansu, ƙamshin banda yana biyo iska, ana auna gero yana zuba cikin buhu da wannan sautin na yayyafi a kan rufin kwano. Na ga hannun babana da farar ƙurar hatsi a gashinsa, na ji yana tari irin nasa. Ban san tsawon lokacin da na yi a can ba. Na dai san na ƙara ɗaukar wata ƙwayar, don in tabbatar. (Wannan ƙarin shi ne abin da har yau na kasa ba da hujjarsa.)

Da na buɗe ido, yarinyar ta toshe baki da hannu ɗaya tana tsalle, sannan ta shiga magana cikin wayar da sauri kamar mai kiran gwanjo. A fuskar wayar wasu jajayen zukata suna ta tashi sama kamar balan-balan. Na ce a raina uwar nan tata akwai son 'ya. Har na ɗaga babban yatsa na ce "haw!", na kuma yi mata ɗan bayani da Hausa kan illar danshi a rumbu, tana ta gyaɗa kai. Afu kuwa, da ya ga ina ci, ya zo ya sa baki a kwano na ukun ya share shi.

Na sayi buhun, na sayi roba mai murfin da ke datsewa. Na bi ƙa'idar gaurayawa, duk da dai Afu tsince sabon yake ya bar mini tsohon. A hankali ƙasusuwa suka nutse, gashi ya dawo yana sheƙi, na koma ɗaukar hotonsa daga gefe, gaba gaɗi. Na manta da kantin.

Ana nan sai Nazifi, wani matashi ɗan Kano da ke harkar kayan waya a hawan da ke ƙasa da ofishinmu, ya yi aure. An ɗaura a gida, aka shirya walima a nan, ranar Lahadi bayan la'asar, a wani gidan abinci na Musulmin China da ke Xiaobei. An cika: Kanawa, mutanen Maraɗi da Damagaram, 'yan zangon Ghana, ga naman rago, ga taliyar nan da ake ja da hannu. Na sa farar shaddar da na ajiye don irin wannan rana, na kafa hulata. Da aka ci aka sha, aka ce Baba zai yi wa ango nasiha.

Na miƙe, na karɓi makirufo, na gyara murya. Na yi magana kan haƙuri, na yi kan zumunci. Daga nan na shiga fagen da na fi ƙwarewa, wato zaman baƙunta. Na ce na zauna a ƙasashe da yawa, kuma abin da ke lalata matashi a ƙasar mutane abu biyu ne: kwaikwayon duk abin da ya tarar, da rashin kula da abin da ke shiga cikinsa. "Nazifi," na ce, ina nuna shi da yatsa, "a garin nan, kada ka kuskura ka sa wani abu a bakinka sai ka san mene ne shi, kuma wa aka yi wa."

Ana cewa "gaskiya ne, Baba", sai na lura matar mai gidan abincin, wata mai ɗankwali da ke kawo shayi, ta tsaya cak da buta a hannu tana kallona. Ta kalli fuskata, ta kalli hulata, ta ajiye butar, ta zaro waya. Sai ta saki wata ƙara ta murna ta ruga kicin, ta dawo da masu dafa abinci biyu da wata tsohuwa. Suka kewaye ni suna tafi, suna ɗaga babban yatsa suna cewa "haw! haw!", tana neman a ɗauke mu hoto. Ita a wurinta girmamawa ce, shahararren mutum ya zo gidanta. Na yi murmushi irin na manya. A raina na ce ashe nasiha ko ba a jin yaren tana ratsa zuciya.

Alhaji Tanko ne ya miƙa hannu. "Madam, kawo mu gani."

Ya kalla. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ƙure sautin wayar, ya karɓe makirufon daga hannuna cikin ladabi, ya kara shi a jikinta. Sai aka ji ta kowace kusurwa:

Ƙas.

Sannan muryata, cikin natsuwa, da Hausar Kano tsantsa: "Kin ji ko? Wannan shi ne busasshe."

Ashe yarinyar nan ba da mahaifiyarta take hira ba. Talla take kai tsaye, yadda suke yi a nan, jama'a na kallo a waya suna saye. An yanko wurin da na lumshe ido, an sa masa kiɗa mai taushi, an zana mini zukata a ka, ya zaga wayoyin garin. Har an rage gudun hoton a wurin ƙarin.

Waya ta fara yawo daga tebur zuwa tebur. Babu wanda ya yi dariya da farko, kuma wannan ya fi ciwo. Yara suna cije leɓe, wani ya shige ƙarƙashin tebur wai neman cokali, kafaɗun ango suna rawa. Tanko ne ya fasa.

"Alhaji! Shekara da shekaru muna tare, in na kawo maka dokunu, tuwon masararmu na Ghana, ka ce cikinka ba ya so. Ashe kai naka abincin daban ne!"

"Tanko, na kifi ne."

"Na kifi ne, jama'a! Ku kwantar da hankali, na kifi ne!" Ya juya ga mutane da hannu a sama kamar mai sanar da ganin wata. "To Alhaji, na farko mun ce gwaji. Ƙarin fa? Ƙarin nan fa?"

Wani dattijo mutumin Maraɗi ya leƙo daga can ƙarshen tebur, shi da gaske yake tambaya: "Elhaji, wai da gishiri?"

"Babu sosai," na ce. Har yau ban san me ya sa na amsa ba. Nan ɗakin ya rushe.

Ango da kansa, yana share hawaye da hannun riga, ya ce, "Baba, a yi mini afuwa, tambaya ɗaya... shi ma ana yi masa fifita?"

Na zauna. Na ji shaddar ta yi mini yawa. Da dariyar ta lafa, Tanko ya jawo kujera kusa da ni ya ce a hankali, "To wai karen wa ne?" Sai na gaya musu, tun daga makulli har haƙarƙari, ban ƙawata ba. Mutumin Maraɗin nan ya ce Allah ya ba tsohon lafiya, aka ce amin. Tanko ya zuba mini shayi da kansa, ya turo mini farantin gyaɗa, ya ce, "Duba mana wannan, ta bushe?"

Ina cikin jirgi a hanyar Panyu, ina kallon fuskata a gilashin taga tana bina ta cikin rami, waya ta shigo daga Kano. Hajiya ce. Ko gaisuwar kirki ba ta tsaya mun yi ba.

"Alhaji, man shanun da na aiko, ya ƙare ne?"

Na ce da saura.

"To dambun naman fa?"

Na ce yana nan.

Sai ta ce, "To ni yanzu me zan ce wa matan unguwa?"

Amma abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. In hoton ya kai Kano, ai ya kai asibiti. Kuma a cikinsa ana ganin Afu a gefena, ƙasusuwa a waje, a daidai kwanakin da nake tura wa tsohon hoton kunne.

Ranar da aka sallamo Lao Chen na tsaya a bakin lifta da igiya a hannu. Ƙofa ta buɗe, ga shi a keken marasa lafiya, ya rame, 'yarsa na turawa. Afu ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba, ya fizge, na riƙe shi da ƙyar don kada ya hau ƙirjin. Tsohon ya sa hannuwa biyu yana shafa gefen cikin karen, a hankali, sama da ƙasa, daidai wurin da ƙasusuwan suka taɓa fitowa. Ya daɗe yana yi. Na gane ya gani.

'Yar ta ce ma'aikatan jinya ne suka nuna masa, tun kafin walimar ma, ba su san karensa ba ne. Da ya ga ramar ransa ya ɓaci har ta tsorata. Da aka zo wurin taunar kuwa ya yi dariya har sai da aka danna masa filo a ƙirji saboda ɗinkin. Tun daga ranar ya hana ta gaya mini ya gani. Wai kada raina ya tashi.

Ya ɗago ya kalle ni, ya faɗi wata doguwar magana da yarensu. 'Yar ta fassara: "Ya ce shi da ya raini Afu tun yana cika tafin hannu, bai taɓa ɗanɗana masa abinci ba." Sannan tsohon ya ɗaga babban yatsa, idonsa ya ciko, ya ce, "Haji. Ƙas."

Har yanzu muna fita bakin rafin da safe, mu uku, ni ke riƙe igiya don shi an hana shi ja. A Tianxiu an laƙaba mini suna, ba zan faɗa muku ba. In na shiga lifta yara kan yi shiru, sai wani can baya ya tauna wani abu da ƙarfi. Labarin keken jarirai kuwa na daina ba da shi.

Abin da na koya? Ba wai in daina taunawa ba, don haƙorin bai yi ƙarya ba, har gobe irin buhun nan Afu ke ci. Babana ya koya mini yadda ake gane hatsin da ya bushe, sai dai a zamaninsa babu fitila mai kama da faranti. Yanzu duk kantin da na shiga, kafin in dubi kaya sai na dubi inda waya take. In kuma aka ce in yi wa ango nasiha, a kan haƙuri nake tsayawa, in nemi wuri in zauna.